Zaɓen da ake gamawa kafin a buga takardar ƙuri'a: yadda ake share fagen kujerun jihohi da gundumomi a Amurka

A watan Nuwamba 2024, mako biyu da 'yan kwanaki bayan Amurkawa sun gama zaɓen shugaban ƙasa, antoni-janar na jihar Jojiya, Chris Carr, ya fito ya ce yana neman kujerar gwamna. Zaɓen da yake nufi an sa shi ne ranar 3 ga Nuwamba 2026, wato saura shekara biyu. Kuma ba shi ne ya fi kowa sammako ba. A Kalifoniya, mataimakiyar gwamna Eleni Kounalakis ta bayyana tata aniyar tun Afrilu 2023, fiye da shekara uku kafin ranar ƙuri'a. A Birjiniya kuwa, tun Nuwamba 2023 Abigail Spanberger ta ce ba za ta sake neman majalisar wakilai ta tarayya ba, gwamna take so, alhali sai Nuwamba 2025 aka yi zaɓen da ta ci.

Wanda ya hango abin daga nesa zai ce zalama ce. Akwai zalamar, ai 'yan siyasa ne. Amma in aka bi dokokin jihohin ɗaya bayan ɗaya, za a ga doka da kalanda ne suke kora yawancinsu gaba, kuma wanda ya tsaya jiran lokaci ya yi yakan tarar an riga an raba naman. Wannan tsakanin, daga ranar da aka fara raɗe-raɗi zuwa ranar da aka rufe karɓar sunaye, masu nazarin siyasar Amurka suna kiransa zaɓen fidda gwani na ɓoye. Ko ƙuri'a ɗaya ba a kaɗawa a cikinsa, amma a nan ake tankaɗe da rairaya, sai mai zaɓe ya iso rumfa ya tarar da sunaye biyu ko uku, wani lokaci ma ɗaya tilo.

Da farko, waɗanne kujeru ake wa wannan rububi? A mafi yawan jihohi 50 na Amurka, gwamna ba shi ke naɗa manyan abokan aikinsa ba. Jama'a ne ke zaɓen antoni-janar, da ma'aji, da sakataren jiha, wanda a jihohi da yawa shi ne shugaban harkokin zaɓe. A wurare da dama har mai binciken kuɗi da alƙalai zaɓensu ake yi. A 2026 kaɗai kujerun gwamna 36 ne ke kan layi, kowace da jerin ƙananan kujeru a bayanta.

Ƙasa da jiha sai gunduma, wadda su suke kira kawunti. Sun haura 3,100, kuma girmansu bai zo ɗaya ba ko kusa. Teksas tana da 254, Delaware uku. Gundumar Los Angeles tana da mutane kusan miliyan 10, ta fi jihohi da yawa jama'a, amma mutum biyar ne ke mulkinta, shi ya sa aka daɗe ana yi musu laƙabi da ƙananan sarakuna biyar. Gundumar Loving ta Teksas kuwa mutum 64 aka ƙirga a cikinta a ƙidayar 2020. A gunduma ake zaɓen sherif (kada a haɗa shi da sharifi namu), wato shugaban 'yan sandan gunduma, mai riƙe da gidan yarinta, wanda ke fitar da ɗan haya in kotu ta ba da umarni, kuma sau da yawa shi ke yanke ko zai haɗa kai da hukumar shige da fice wajen miƙa baƙin da ba su da takardu. A nan ake zaɓen babban mai gabatar da ƙara, wanda ke da ta cewa kan wa za a gurfanar da wa za a kyale. A nan ake zaɓen mai ƙiyasta darajar gidaje, wanda lissafinsa ke nuna harajin da kowane mai gida zai biya. Kuma a mafi yawan jihohi gunduma ce ke riƙe da rajistar masu zaɓe, ta buɗe rumfuna, ta ƙirga ƙuri'u. Idan aka tuna cewa Fani Willis, wadda ta gurfanar da Donald Trump a 2023, mai gabatar da ƙara ce ta gundumar Fulton kawai, kuma ta hau kujerar ne bayan ta kayar da tsohon maigidanta Paul Howard a zaɓen fidda gwani na 2020, za a gane ƙanƙantar kujerun a suna ta tsaya.

Najeriya ta aro tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, amma akwai abin da ba ta aro ba, kuma shi ne tushen maganar. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta ce ba a fara kamfe a bainar jama'a sai saura kwana 150 zaɓe, ko da yake kowa ya ga yadda allunan 'yan takara ke cika titi tun kafin nan, INEC tana ta ƙorafi. Amurka ba ta da irin wannan rana. Ba ta ma da hukumar zaɓe guda da ke gudanar da zaɓen ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da dokarta, da ranar zaɓen fidda gwaninta, da ranar rufe sunayenta. Abin da doka ta fi sa wa ido shi ne kuɗi: da zarar ka fara karɓar gudummawa, dole ka buɗe kwamitin kamfe, ka riƙa bayyana wa ya ba ka, nawa ya ba ka. Saboda haka ba wanda zai ce maka ka yi wuri. Latti ne kawai ke da hukunci.

Abu na farko da ke tayar da ƙura shi ne ƙarewar wa'adi. Kayar da mai ci a Amurka aiki ne ja, don haka masu buri sukan lissafa ranar da kujera za ta zama ba kowa tun shekaru kafin ta zo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jihar Ohayo ta nuna wannan ƙarara a 2025. A can, manyan zaɓaɓɓun jami'an jiha wa'adi biyu a jere suke yi, kuma kusan dukkansu tare suka hau, tare wa'adinsu zai ƙare a farkon 2027. Gwamna Mike DeWine zai sauka. Mataimakinsa Jon Husted ya daɗe yana tara kuɗi don ya gaje shi, antoni-janar Dave Yost ma haka. Sai JD Vance ya zama mataimakin shugaban ƙasa, kujerarsa ta sanata ta faɗi, DeWine ya naɗa Husted a kanta a Janairu 2025. Babban ɗan takara ɗaya ya fita ke nan ba tare da an zubar da jini ba. A Fabrairu attajirin nan Vivek Ramaswamy ya shigo, a daren da ya ƙaddamar da takararsa Trump ya ɗaga hannunsa. Ma'ajin jihar, Robert Sprague, wanda ya riga ya ce gwamna yake nema, ya karanta allo ya koma neman sakataren jiha. Sakataren jihar, Frank LaRose, ya koma neman mai binciken kuɗi. Mai binciken kuɗin, Keith Faber, ya koma neman antoni-janar. Kowa ya matsa kujerar maƙwabcinsa. A watan Mayu kwamitin jam'iyyar Rifablikan na jihar ya tsayar da Ramaswamy, mako guda bayan haka Yost ya janye. Zaɓen fidda gwanin da doka ta tanada saura shekara guda cur a lokacin. Da a wajenmu ne, sasanci za a kira shi, wasu su ce ɗauki-ɗora.

Waɗanda suka kawo dokar iyakance wa'adi sun yi ta ne don a samu sababbin fuskoki. A Ohayo abin da ta haifar, a wannan zagayen dai, tsofaffin fuskoki ne a sababbin ofisoshi.

Sai kuɗi, kuma a nan labarin Carr ya fi ma'ana. Dokar Jojiya ta hana zaɓaɓɓun jami'an jiha karɓar gudummawar kamfe muddin majalisar dokoki tana zama, wato daga Janairu zuwa wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Manufar mai kyau ce, kada a riƙa sayen doka da gudummawa. Amma ga mai neman gwamna, hakan na nufin wata uku na kowace shekara hannunsa a ɗaure yake. Carr ya fito a Nuwamba ne don ya samu 'yan makonnin tara kuɗi kafin ƙofa ta rufe. Abin da ya ƙara matsa masa shi ne wata doka ta 2021 da ta ba gwamna da mataimakinsa da shugabannin majalisa damar buɗe wani asusu na musamman, wanda ba shi da iyakar abin da mutum ɗaya zai zuba, kuma bai san zaman majalisa ba. Babban abokin hamayyarsa a cikin gida, Burt Jones, shi ne mataimakin gwamna, don haka yana da wannan asusu. Carr kuwa 'yan dubban daloli kawai doka ta yarda ya karɓa daga hannun mutum guda. Har kotu ya kai maganar a 2025. Su biyun jam'iyyarsu ɗaya, kujera ɗaya suke nema, amma ɗaya da bokiti yake ɗiban ruwa, ɗaya da cokali.

Amfanin kuɗin farko bai tsaya ga sayen talla ba. Tsoratarwa ake yi da shi. Duk bayan 'yan watanni ake wallafa rahoton abin da kowa ya tara, 'yan jarida su jera alƙaluman, masu ba da gudummawa su duba inda iska ta nufa. Wanda ya fito da rahoto mai kauri, masu kuɗi su ƙara tururuwa wajensa, wanda ya fito da ramamme, wayarsa ta daina ƙara. Haka Spanberger ta yi wa magajin garin Richmond, Levar Stoney. Ya shigo a Disamba 2023, kafin ƙarshen Afrilu 2024 ya haƙura ya koma neman mataimakin gwamna. Can ma bai samu ba, Ghazala Hashmi ta kayar da shi a Yuni 2025, ta je ta ci babban zaɓe, ta zama Musulma ta farko da aka zaɓa a kujerar jiha baki ɗaya a tarihin Amurka. Birjiniya na cikin jihohin da ba su sa iyaka ga gudummawar kamfe ba, haka Teksas in ban da zaɓen alƙalai. A irin waɗannan wurare attajiri ɗaya ya isa ya tayar da ɗan takara ko ya kwantar da shi. Sai dai kuɗi kan ci amanar mai shi. JB Pritzker ya kashe kusan dala miliyan 171 daga aljihunsa a 2018 ya zama gwamnan Ilinoi, amma Meg Whitman ta zuba kusan miliyan 144 a Kalifoniya a 2010, Jerry Brown ya kayar da ita.

Akwai kuma dokar da ke aiki ta ɗaya gefen, ta sa mutum ya yi gum alhali kowa ya san abin da ke ransa. Jihohi kaɗan, ciki har da Arizona, Filorida, Jojiya, Hawai da Teksas, suna da dokar ajiye muƙami kafin neman wani. A Teksas, jami'in gunduma da ya furta cewa yana neman wata kujera, alhali wa'adinsa ya rage fiye da shekara ɗaya da kwana 30, doka ta ɗauka ya yi murabus nan take. Shi ya sa za ka ga kwamishinan gunduma ko sherif yana zagaye coci-coci da tarukan ƙungiyoyi, yana cin abinci da masu kuɗi, amma in an tambaye shi sai ya ce yana tuntuɓar iyalinsa. Filorida kuwa da dokar ta tsaya wa Ron DeSantis a wuya, majalisar jihar gyara ta ta yi a 2023 don ya nemi shugaban ƙasa yana kan kujerarsa ta gwamna.

Wani lokaci shirun mutum ɗaya ke daskarar da jiha guda. Watanni aka kwashe a Kalifoniya masu kuɗi sun riƙe aljihunsu suna jiran tsohuwar mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ta ce wani abu. Sai a ƙarshen Yuli 2025 ta ce ba za ta nemi gwamna ba. Kounalakis da ta riga kowa fitowa ba ta ci ribar sammakon ba, a watan Agusta ta janye ta koma neman ma'ajin jiha.

Inda abin ya fi ban sha'awa a ganina shi ne matakin shiga takardar ƙuri'a, domin a nan ake kisan mummuƙe. A jihohi da yawa kuɗin fom bai isa ba, sai ɗan takara ya kawo sa hannun adadin masu rajista da doka ta yanka, kuma abokan hamayya suna da damar zama su bi sunayen nan layi-layi su ƙalubalance su: wannan ba shi da rajista, wancan ba a mazaɓar yake zaune ba, wannan rubutun hannu ɗaya ne ya cika shafin. A Ilinoi sana'a ce mai zaman kanta, da lauyoyinta. Kujerar siyasa ta farko da Barack Obama ya hau ta wannan hanya ta zo. Sanatar jiha Alice Palmer ta ce ba za ta sake neman kujerarta ba, ta tafi neman majalisar tarayya a 1995, ta faɗi, ta dawo tana son abinta. Ta tattara sa hannu a gurguje. Mutanen Obama suka ƙalubalanci nata da na sauran masu neman kujerar, duka suka gaza cika adadi, ya shiga zaɓen fidda gwani na 1996 shi kaɗai. Bai karya doka ba, amma akwai mutanen kudancin Shikago da suka daɗe ba su yafe masa ba.

A Mishigan a 2022 abin ya fi muni. Mai neman gwamna sai ya kawo sa hannu 15,000. 'Yan takarar Rifablikan da dama suka ba da kwangilar aikin ga masu tattarawa da ake biya, su kuwa suka zauna suka cike takardu da sunayen jabu. Biyar cikin goma aka cire, har da waɗanda ake ganin su ne kan gaba, tsohon shugaban 'yan sandan Detroit James Craig da attajiri Perry Johnson. Tudor Dixon ce ta samu tikitin, Gwamna Gretchen Whitmer ta kayar da ita da tazara mai faɗi. Wanda ya fara da wuri, da mutanensa na amana, ba ya faɗawa irin wannan rami. Ga kuma matsin kalanda: don zaɓen Nuwamba 2026, Ilinoi ta rufe karɓar takardu tun farkon Nuwamba 2025, Teksas a Disamba 2025, domin duka biyun a watan Maris suke zaɓen fidda gwani. Wanda ya farka a sabuwar shekara ya ce zai tsaya a jam'iyya, jirgi ya riga ya tashi.

To, ina iyayen gida? Suna nan daram, sai dai ba a kiransu da wannan suna. A gundumar Cook, inda Shikago take, jam'iyyar Dimokurat tana da shugabannin mazaɓu 80, 50 daga unguwannin birni, 30 daga garuruwan kewaye. Watanni kafin zaɓen fidda gwani sukan zauna, masu neman kujera su zo ɗaya bayan ɗaya su gabatar da kansu, har da masu son zama alƙalai, sannan a shiga ɗaki a fitar da jerin 'yan takarar jam'iyya. Ƙuri'ar shugabannin ba ɗaya ba ce, nauyin kowa gwargwadon ƙuri'un da mazaɓarsa ta kawo a zaɓen baya. Wanda aka sa a jerin zai samu masu tattara masa sa hannu, da lauyoyi, da sunansa a takardun da ake rabawa gida-gida, shi kuma ya zuba nasa kason a asusun jam'iyya. Zamanin Richard J. Daley, wanda ya riƙe magajin gari daga 1955 har ya rasu a 1976 yana kuma shugaban jam'iyyar gunduma, shiga jerin nan tamkar rantsarwa ce. Yau ƙarfin ya ragu. A 2018 shugaban jam'iyyar da kansa, Joseph Berrios, ya rasa kujerarsa ta mai ƙiyasta harajin gidaje a hannun Fritz Kaegi, bayan binciken 'yan jarida ya nuna ana danne masu ƙananan gidaje ana sassauta wa masu manya. Amma a kujerun da mai zaɓe bai san kowa ba, irin na alƙalai, jerin jam'iyya na da tasiri har gobe.

New Jersey ta fi kowa fito da abin fili, don ita a kan takardar ƙuri'ar ma aka zana shi. A da, a gundumomi 19 cikin 21, duk waɗanda jam'iyyar gunduma ta amince da su ana jera su a layi ɗaya, daga shugaban ƙasa har ƙaramin kansila, mai zaɓe ya bi layin ya dangwale. Wanda ba a so sai a jefa sunansa can gefe shi kaɗai, wurin da 'yan siyasar jihar suka raɗa wa Saiberiya. A wasu gundumomin wakilai ne ke zaɓen wanda zai hau layin, a wasu kuwa shugaban jam'iyya ne kawai zai faɗa. Saboda haka takarar gaskiya ita ce zawarcin shugabannin gundumomi, shekara guda ko fiye kafin zaɓe. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Abin da ya rusa tsarin shi ne an yi amfani da shi fiye da kima. A Satumba 2023 aka tuhumi Sanata Bob Menendez da cin hanci. Washegari ɗan majalisa Andy Kim ya ce zai nemi kujerar, bai nemi izinin kowa ba. A Nuwamba matar gwamna, Tammy Murphy, wadda ba ta taɓa riƙe zaɓaɓɓen muƙami ba, ta shigo, cikin 'yan kwanaki shugabannin manyan gundumomi suka jeru a bayanta. Sai 'yan jam'iyya na ƙasa suka yi tutsu. A gundumomin da aka bar wakilai suka yi ƙuri'ar sirri, Kim ya riƙa cinyewa, har da Monmouth, gundumar ita Murphy. Ya kuma shigar da ƙara. A ƙarshen Maris 2024 ta janye, kwana biyar bayan haka alƙali Zahid Quraishi, Musulmi na farko da majalisar dattawa ta tabbatar a matsayin alƙalin kotun tarayya, ya hana amfani da layin a zaɓen Dimokurat na shekarar. A 2025 majalisar jihar ta soke shi da doka. Sakamakon ya fito nan da nan: mutum shida suka fafata neman tikitin gwamna na Dimokurat a Yuni 2025, abin da da wuya ya faru a da. Amma wadda ta ci, Mikie Sherrill, ita ce wadda mafi yawan manyan jam'iyyun gundumomi suka mara wa baya. An goge layin daga takarda, ba a goge masu buga ƙofa da motocin kai jama'a rumfa ba.

A ɓangaren Rifablikan, aikin da shugabannin gundumomi ke yi yanzu ya koma hannun mutum ɗaya. Trump ya ɗaga hannun ɗan majalisa Byron Donalds don kujerar gwamnan Filorida a Fabrairu 2025 tun bai ma ayyana takara ba, lokacin da ake ta raɗe-raɗin matar DeSantis za ta fito. Ya ɗaga na Burt Jones a Jojiya a Agusta. Amma Jojiyar ce ta nuna iyakar wannan hannu. A 2022 Trump ya tura David Perdue don ya kayar da Gwamna Brian Kemp, ya tura Jody Hice don ya kayar da sakataren jiha Brad Raffensperger, mutumin da ya ƙi samo masa ƙuri'u 11,780 a wayar da Trump ya buga masa a Janairu 2021, bayan ya faɗi zaɓe a jihar. Kemp ya lallasa Perdue da kusan kashi 74 cikin 100, Raffensperger ma ya tsira. Kemp ya yi nasa shirin da wuri, ya ɗaure masu kuɗin jihar da 'yan majalisa tun kafin Perdue ya shigo. Raffensperger kuma a Satumba 2025 ya shiga neman gwamnan shi ma.

Lissafin manya yakan kuma buɗe wa ƙanana ƙofa. A gundumar Harris ta Teksas, inda Houston take, shugaban gunduma, wanda suke kira alƙalin gunduma ko da yake mulki yake yi ba shari'a ba, a lokacin shi ne Ed Emmett na Rifablikan, wanda ya hau tun 2007, kuma ya yi suna lokacin ambaliyar guguwar Harvey a 2017. Jiga-jigan Dimokurat suka duba suka ga ba riba, ba wanda ya fito. Lina Hidalgo, 'yar shekara 27, haifaffiyar Kolombiya, ta karɓi tikitin ba hamayya. A Nuwamba 2018 guguwar Beto O'Rourke, ɗan takarar sanata na Dimokurat, ta taso, masu zaɓe da yawa suka dangwala wa jam'iyya daga sama har ƙasa, ta wayi gari tana shugabantar gundumar da ta haura mutum miliyan huɗu da rabi. Daga 2020 Teksas ta daina irin wannan dangwale na bai ɗaya.

Me ya sa duk wannan ya fi tasiri a gunduma fiye da sama? Domin yawancin gundumomi jam'iyya ɗaya ce ke da rinjaye mai yawa, wanda ya samu tikitinta ya gama. Zaɓen fidda gwani kuwa mutane kaɗan ke fitowa, galibi tsofaffi da 'yan a-mutun jam'iyya. Jaridun ƙananan garuruwa da a da suke bin diddigin waɗannan kujeru sun mutu da yawa. Masu gabatar da ƙara da sherif-sherif da dama ba sa ma samun abokin karawa. Wanda ya gane haka, da kuɗi kaɗan zai juya abubuwa. Ƙungiyoyin da attajiri George Soros ke ɗaukar nauyi sun gane, suka zuba fiye da dala miliyan ɗaya a zaɓen fidda gwani na 2017 da ya kawo Larry Krasner kujerar mai gabatar da ƙara a Philadelphia. Masu ra'ayin riƙau ma sun gane, musamman bayan 2020.

Gundumar Maricopa ta Arizona ce madubin wannan. Kusan kashi 60 cikin 100 na masu zaɓen jihar a cikinta suke, kuma a 2020 Joe Biden ya ci Arizona da ƙuri'u da ba su kai 11,000 ba. Akwai wata kujera a can ta mai rajista, wanda ke riƙe da takardun filaye da rajistar masu zaɓe da ƙuri'un da ake aikowa ta gidan waya. Helen Purcell ta shekara 28 a kanta ba hayaniya. A Maris 2016 aka rage rumfuna, mutane suka kwashe awanni a layi, a Nuwamba Adrian Fontes na Dimokurat ya kayar da ita. A 2020 Stephen Richer na Rifablikan ya kayar da Fontes, wanda ya juya ya ci sakataren jiha a 2022. Richer ya tsaya kai da fata cewa ba a yi maguɗi a 2020 ba, 'yan jam'iyyarsa suka sa shi a gaba, suka nemo ɗan majalisar jiha Justin Heap, ya kayar da shi a zaɓen fidda gwani na ƙarshen Yuli 2024. Cikin mutum biyar na majalisar gundumar, waɗanda su ke tabbatar da sakamakon zaɓe, Jack Sellers ya faɗi a wannan ranar. Biyu kuma ba su ma jira ta ba. Bill Gates, ba na Microsoft ba, wanda ya sha barazanar kisa shi da iyalinsa, ya sanar tun Yuni 2023 cewa ba zai sake tsayawa ba, Clint Hickman ya bi sahunsa a farkon 2024. Heap kuwa bai cika shekara a ofis ba ya maka sabuwar majalisar gundumar a kotu, kan wa ke da ikon wane ɓangare na gudanar da zaɓe.